Rubutun da ya tsaya kafin "amma"

Malama,

Kawuna yana nan da ransa da lafiyarsa, kuma shekaranjiya ya sa mini albarka in je in buɗe nawa shagon. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka wasiƙar makoki ce. Hankalina ya kwanta fiye da yadda na cancanta, amma akwai saura. A kan sauran nake roƙon ki taimaka mini, don duk wanda na faɗa wa a dangi, kafin in juya baya maganar ta isa gida.

Ni kafinta ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a hannun yayan mahaifiyata. Shagonmu doguwar rumfa ce a bayan layin masu walda: gaba gadaje da kujerun da aka gama, baya benci biyu da injin yanka, garin katako har idon sawu. Kawu yana bencin bakin ƙofa saboda haske, fensir a bayan kunne, wani fensirin a hannu yana neman na farkon.

Shekara uku da suka wuce ƙanwar matata, wadda aikinta ke nan, ta buɗe mana shafi a intanet, ta haɗa masa abin da ake kira RSS. Yadda yake aiki shi ne, duk abin da na wallafa a shafin, hoton sabon gado ne ko bayanin yadda ake kare katako daga gara, shi zai kwasa da kansa ya kai wa duk wanda ya yi rajista, wasu ta imel, wasu ta manhajar karanta labarai. Ba sai na bi kowa ba. Da na yi wa Kawu bayani sai ya ce ashe famfo ne, kai ka zuba a tanki, kowa ya murɗa a gidansa. Tun daga ranar sunansa famfo. Mutum ɗari shida da 'yan kai ne a kansa yanzu, kuma rabin aikin da ke shigo mana ta nan yake biyowa, ko da yake Kawu ya fi so a ce sunansa ne ke kawo su.

Ranar Talata wata mata ta zo ganin kujeru shida da na zana da kaina, masu siraran ƙafafu, irin da ake yayi. A gabanta Kawu ya ɗaga ɗaya, ya juya ta, ya tambaye ni ko kujera na ƙera ko zalɓe. Matar ta yi dariya, shi ma ya yi, ni ma na yi, amma tawa a haƙori ta tsaya. Ba ranar ya fara ba. Injiniyan waya yake kirana a gaban baƙi, ni da nake da 'ya'ya uku. Na daɗe ina son in tashi in kama nawa wurin, bakina ne ya yi nauyi.

Da ya tafi sayo katako bayan azahar, sai na shiga ɗan ɗakin da muke ajiye kwamfuta, na share ƙura daga madannai, na fara rubutu. Ina da wata ɗabi'a, in raina ya ɓaci nakan zuba shi a wurin da nake tsara tallanmu, in ajiye ba tare da na wallafa ba, don nan ne kaɗai ba wanda ke leƙawa. Na sa masa kai "Ban kwana da Kawu". Maɓallin ajiyewa da na wallafawa suna maƙwabtaka, hannuna kuma ya fi sabawa da na biyun. Ban lura ba sai bayan kamar minti goma. Na goge shi nan take, na yi ajiyar zuciya, na koma kan aikina. Ban san cewa abin da famfo ya riga ya kai gidajen mutane ba ya komawa tanki ba.

Ga abin da ya fita, don ki gane: "Shekara goma sha ɗaya na yi a hannun Kawu. Shi ya koya mini riƙon zarto, shi ya nuna mini cewa katako ma yana da fuska da ƙeya. Duk abin da na iya, a wurinsa na gani. Yau lokacin rabuwa ya zo, zuciyata ta yi nauyi…" Sai ɗigo uku, sai wurin da za a latsa a karanta sauran. Wanda ya latsa kuwa sai ya tarar babu komai, tunda na goge.

Kin ga yadda mutane za su fahimta. Wani tsohon shugaban makaranta da muka taɓa yi wa bencuna ya kira lambar Kawu yana can wurin masu katako. Ya ɗauka ni ne na ɗaga, ya shiga yi mini ta'aziyya. Kawu ya bar shi ya kai aya, sannan ya tambaye shi wa ya rasu. Da aka faɗa masa sai ya ce, "To, ni dai ba a sanar da ni ba." Kafin la'asar kira ya fi talatin. Mata biyu sun zo har shago idonsu jawur, suka tarar da mamacin yana sauke katako daga mota yana faɗa da direba. Mahaifiyata ta kira tana kuka, da ta ji muryar yayanta sai kukan ya koma kaina. Ni kuwa ina tsaye, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya sa aka nuna masa rubutun a waya. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu, ya wuce bayan shago ya daɗe. Kwana biyu bai ɗaga maganar ba. Shekaranjiya ya kira ni bencinsa, ya ce shi tun ranar da aka gan ni ina auna wani shago da ba kowa a kusa da tasha ya san inda na dosa, jira yake in buɗe baki. Ya ce bai taɓa sanin haka na ɗauke shi ba. Ya ba ni gudumarsa ta farko. Har ya sa an buga rubutun a takarda an manna a saman bencinsa, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

Malama, kalmar da ke bayan ɗigo ukun nan "amma" ce. Ƙanwar matata ta saita famfon ne ya riƙa ɗaukar layukan farko kawai, don mutane su biyo shafin su ƙarasa, kuma Allah ya sa wuƙar ta faɗa daidai nan. Bayan "amma" na rubuta cewa hannun Kawu ya fara rawa, idonsa ba ya ganin layin awo, kuma shekara biyu ke nan ina bin bayansa ina gyara yankansa a ɓoye, shi yana karɓar yabo ni ina shan ba'a. Gaskiya ne, amma da baƙin rai na rubuta. In wannan ya fita, sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa ya zube.

Yanzu kullum sai ya tambaye ni ina sauran, ni kuma in ce ya goge. Sannan jiya ƙanwar matata ta tuna cewa akwai wani shafin tallan kayan ɗaki da muka bai wa nasa famfon daban, mai ɗauke da cikakken rubutu, kamar yadda suka nema. Sau ɗaya a rana suke kwasa, su duba kafin su saka. Mun leƙa ba mu ga komai ba, mun rubuta musu, shiru. Matata dariya kawai take yi, tana kirana magajin marigayi, ta ce in ja bakina in gode wa Allah. Shin in faɗa masa abin da ke bayan ɗigon? Kuma famfon nan, ba gara in rufe shi ba?

Kafinta mai nauyin baki

Malam kafinta,

Barka da arziki, kai da Kawu. Ka tsallake, kuma ba laifi ba ne ka ji daɗin hakan.

Bari in fara da abin da ya fi ci maka rai. Kana ganin takardar da ke saman bencinsa ƙarya ce, tunda rabin magana ce. Ban yarda ba. Lokacin da ka rubuta layukan nan kana cikin fushi, ba ka tsammanin kowa zai gani, ba wanda kake son burgewa, kuma duk da haka da yabonsa ka fara. Yabo ba ya fin wannan tsarki. Ka bar masa takardarsa.

Matarka tana da gaskiya a abu ɗaya: kada ka maimaita masa rubutun kamar yadda yake. Wanda zai sami sauƙi kai ne, wanda zai kwana da ciwon shi ne. Amma ba ta da gaskiya in ta ce a yi shiru gaba ɗaya, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka, ko da yake ba ka tambaye ni a kansa ba. Shekara biyu kana gyara yankansa. In ka tafi, wa zai gyara? Ƙofar kabad ta farko da ta ƙi rufuwa, mai kaya ne zai faɗa masa, a gaban jama'a, ba da harshen ɗa ba. Saboda haka maganar hannu da ido dole a yi ta kafin ka kwashe kayanka. Ku biyu kaɗai, a gida ba a shago ba. Ka fara da ido, don shi ya fi sauƙin karɓa, ka ce ka lura layin awo yana ba shi wahala, kana so ka raka shi asibiti. Mai yiwuwa tabarau ne ya gaza, rawar hannun ma likita ne zai san ko mece ce. Sannan ku tsara yadda yanka zai koma hannun wani, shi ya riƙe zane da haɗi da duba aiki. Kada ka ƙirga masa shekarun da ka yi kana rufa masa asiri. Kuma kada ka yi mamaki in ka tarar ya sani. Mutumin da ya san kana auna shago a tasha, da wuya a ce bai san abin da ke faruwa a bencinsa ba.

In ya sake tambayar sauran rubutun, daina fakewa da cewa ya goge. Ka ce masa sauran ƙorafi ne na ranar zalɓe, ka rubuta cikin fushi, ka goge don bai dace ba. Wannan gaskiya ce, kuma za ta ba ka ƙofar faɗa masa cewa ba'a a gaban baƙi tana yi maka zafi. Shi ma yana da nasa gyaran.

Famfo kuwa kada ka rufe shi. Aikin da aka sa shi ya yi. Abin da ya faru ma shaida ce a gare shi: saƙo ɗaya, kira fiye da talatin cikin yini. Masu talla da yawa suna da dubban sunaye da ba sa buɗe abin da aka tura musu. Abin gyara ɗabi'arka ce da saitinsa. Ka sayi littafi don fushinka, shafin shago ba wurinsa ba ne. Ka sa ƙanwar matarka ta saka jinkiri, ko na awa ɗaya ne, tsakanin wallafawa da turawa. Ta rubuta maka a takarda duk inda famfon ke zuba, don bai kamata sai an shiga uku a tuna da wani reshe ba. Wancan mai cikakken rubutu a mayar da shi layukan farko kamar sauran. Kuma ka riƙa karanta kan rubutu da layukansa na farko su kaɗai, kamar baƙon da bai san ku ba, tunda iyakar abin da yawancin mutane za su gani ke nan.

Ba ka ce ka tura gyara ba. In ba ka yi ba, yi yau, ta famfon nan dai: hoton Kawu a bencinsa, layi uku, yana nan lafiya, shago na aiki, a yi haƙuri da ruɗanin. Akwai waɗanda suka karanta ba su kira ba, har yanzu suna yi masa addu'ar mamaci, kuma ba za su kawo aiki ba.

Abu na ƙarshe, mutum ɗari shidan nan shagon Kawu suka yi wa rajista. Kada ka kwashe su ka tafi da su don kalmar sirri tana hannunka. Ka buɗe naka famfon, ka nemi izininsa a sanar sau ɗaya, mai so ya biyo ka da ƙafarsa. Ka kuma bar masa wanda zai riƙa zuba wa nasa ruwa.

Game da wancan shafin, lissafi yana gefenka: sau ɗaya suke kwasa a rana, rubutunka minti goma ya yi a waje. Duk da haka ka kira su ta waya, kada ka tsaya jiran imel, kuma ka yi maganarka da Kawu a makon nan ko sun amsa ko ba su amsa ba. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, kai kuma ya sa ka buɗe shagonka a sa'a.

Ana shirin buga wannan shafi mai wasiƙar ya aiko cewa masu wancan shafin tallan sun amsa musu: babu rubutun a jerin abin da ke jiran a saka. Ko na'urarsu ta ajiye kwafi a wani wuri, sun ce sai mai kula da ita ya dawo aiki ranar Litinin.