An Killace Tsohuwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau, 'yan biyu suna gaida Goggonsu. Gwiwar Mama da sauƙi, tana takawa har bakin ƙofa, sai dai tarin nan da bai gama sakin ta ba.

Na san kina can kina zargin wayarki, ko ki ce Mama ce ta yi fushi ta daina ɗaga kiran bidiyo. Ba ko ɗaya. Ƙanenki ne. Na ɗauko biro ne saboda duk abin da ya bi ta akwatin intanet na gidan nan yana leƙawa, sabis ɗin waya kuwa kin san halinsa a benenmu, sai mutum ya fita kan matakala.

Kin tuna jarrabawar satifiket ɗin tsaron kwamfuta da yake shirin rubutawa, wadda ya ce da ita za a ƙara masa girma a wurin aiki? To, ya kai babin da ake koyar da yadda ake tantance na'urar da za a bari ta hau intanet ɗin ma'aikata da wadda za a hana. Maimakon ya karanta ya rufe littafi kamar kowane ɗan Adam, sai ya ce dole ya gwada, kuma mu ne abin gwajin. Ni dai na daina ce masa maigida, maigadi nake ce masa. Yana amsawa da murmushi, ya ɗauka yabo ne.

Tsare-tsaren iri huɗu ne. Na haddace su ba da son raina ba, don ko a wurin cin abinci su yake maimaitawa, yana nuna mu da cokali. Akwai na matsayi, wanda ya raba mu kashi uku: shugaba, iyali, baƙi. Shugaba mutum ɗaya ne, ba sai na faɗa miki wane ne ba. Ni da 'yan biyu iyali ne. Wayar Mama kuwa ya jefa ta cikin baƙi, tare da ta mai gyaran famfo. Sai na wuri: baƙo a falo kaɗai zai samu intanet, alhali ɗakin Mama yana can ƙarshen lungu, ga gwiwa. Sai na lokaci: rana na faɗuwa ake rufe wa baƙi, wai baƙo ba shi da abin nema a gidan mutane bayan magariba. Ke kuma sai bayan magariba kike tashi daga aiki. Kin ga inda kiranki yake mutuwa.

Na huɗun bai gama haɗawa ba, yana ta zufa a kansa. Na yi masa magana da daɗi, na yi da zafi, ya ce in yi haƙuri sai bayan jarrabawa, taɓa tsarin yanzu zai rikita masa tunani. Tunanin da tun asali ba shi da yawa.

Abin da ke cin raina, Yaya, kullum da yamma Mama tana zaune da wayar a cinya, tana goge gilashin da gefen mayafi. Ta ɗauka datti ne ya hana fuskarki fitowa. Ban faɗa mata gaskiya ba, kunya ta hana ni.

Ki gaida duk mutanen gida.

Taki,
Maman 'Yan Biyu


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na samu amsarki ta hannun direbanku. Na ji kin kira ƙanenki kin wanke shi, ya kuma yi miki alkawarin gyara. Bai gyara ba. Ƙari ma ya yi, kuma ki zauna kafin ki karanta sauran.

Maigadi ya gama tsari na huɗu, na sharaɗi. Shi wannan, idan waya ba ta sabunta manhajarta ba, ko ba ta da abin kare ta daga cutar kwamfuta, sai akwatin ya ware ta gefe, ba shiga ba fita. Killacewa yake kiran abin, yana jan kalmar a baki kamar shi ya ƙirƙiro ta. Kin san wayar Mama, wadda marigayi Baba ya saya mata, ta rantse ba za ta canza ba. Ita ce ta fara faɗawa. Yanzu ko an kai ta falo da rana tsaka ba ta hawa.

Rannan da safe ya tsaya a lungu, daidai ƙofar Mama, yana waya da abokin karatunsa, murya sama kamar mai talla. Daga kicin nake jin sa yana bugun ƙirji. Wai tsohuwa ce, ta wuce gyara, ba ta karɓar sabon abu. Wai in aka bar ta cikin sauran za ta shafa musu cuta, shi ya sa ya killace ta, dama can baƙuwa ce. Ni na san waya yake nufi. Mama tana kwance a bayan ƙofar da tarinta, kalmar waya kuwa ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya.

Tun daga ranar ta ware kofinta da cokalinta, tana ɗingishi ta wanke su da kanta. Ta hana 'yan biyu shiga ɗakinta, su da suke kwanciya a ƙafafunta suna jin labari. In tari ya taso mata sai ta danna fuska cikin matashi don kada a ji. Na yi ta tambaya tana cewa ba komai. Sai da na ritsa ta ina gyara mata shimfiɗa, ta riƙe hannuna ta roƙe ni in faɗa mata abin da likita ya gaya mana muka ɓoye mata, ta ce ita ba ta tsoron mutuwa, jikokinta take ji wa. Wallahi nan na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na je na jawo shi daga gaban kwamfuta har ɗakin. Kin san abin da ya yi da ya gane? Dariya, Yaya. Har da riƙe ciki. Sannan ya ɗauko takarda ya zana wa mahaifiyarsa akwatuna da kibau, ya yi mata darasin tsare-tsaren nan huɗu daga farko, na lokaci, na wuri, na sharaɗi, na matsayi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe. Da ta tabbata ba ita ce mai cutar ba, sai ta yi hamdala.

Sai ta yi masa tambaya ɗaya, a hankali. Ta ce ta ji tsufa da cuta na waya ne, to baƙuntar fa, ita ma ta wayar ce? Da mai hankali ne da ya ce e, a wuce wurin. Amma an taɓo masa karatu. Ya gyara tsayuwa ya ce a'a, nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa: sharaɗi lafiyar waya yake dubawa, matsayi kuwa na mai wayar ne, kuma duk wanda ba mazaunin dindindin ba, baƙo ne. Ya juyo ya kalle ni yana jiran in ba shi maki.

Mama ta ce ta gane sosai, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Yana fita ta ce in sauko mata da jakarta daga saman kabad.

Ki turo mota, Yaya. Na roƙe ta har na gaji, ta ce baƙo ba ya wuce ƙa'ida. Ni ma da ina da inda zan ajiye 'yan biyu da na bi ta.

Ƙanwarki,
Maman 'Yan Biyu


Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya jikin Mama? Na ji daɗin jin tarin ya lafa, kuma tana fita tsakar gida shan hantsi. Ki ce mata 'yan biyu har yanzu a ƙofar ɗakinta suke zubar da takalmansu.

Albishirinki, ya ci jarrabawa. An ƙara masa girman da yake nema, an buga satifiket, ya sa shi a gilashi ya rataye a falo, daidai inda baƙi ke samun intanet. Ya ce tambayar bambancin matsayi da sharaɗi ta fito, kuma bai ko yi tunani ba ya amsa. Na ce ai ka biya kuɗin darasin da tsada, dole ka tuna. Bai gane ba, ya ce kuɗin rajista ba wani yawa ne da shi ba.

Yanzu ya cika alkawarin bayan jarrabawa. Ya mayar da Mama cikin iyali, ya buɗe mata kowane lokaci da kowane ɗaki, ya cire wa wayarta sharaɗi. Ya kira ni in zo in gani, kamar wanda ya gina masallaci. Na ce madalla, saura wayar da mai ita.

Amma na lura abin ya fara cin sa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya buɗe kwamfuta ya duba ko wayarta ta hau, alhali ya san tana gidanki. Ya ce in ya kira, Mama tana amsa gaisuwa, ta tambayi yara, ta sa masa albarka, sannan ta miƙa miki wayar. Jiya na same shi tsaye a ɗakinta, bai kunna fitila ba, yana riƙe da kofin nan da ta ware. Na ji tausayinsa na ɗan lokaci, tausayin ya kuma wuce.

Shi ya ce in rubuto miki, don ya san kunyar bakinsa. Yana so ya zo ya ba ta haƙuri, yana tambayar yaushe ya dace. Ga kofin da sauran maganin gwiwarta na ba direba. Batun zuwansa kuwa, kada ki sauƙaƙa masa, Yaya, ki yi masa da yaren da yake ji. Ki yanka masa lokaci, ki nuna masa inda zai tsaya. Matsayin kuma ki bar wa Mama, ita za ta faɗi ko ɗa ne ya zo ko baƙo.

Ki gaishe ta, ki ce ɗiyarta tana kewarta.

Taki har kullum,
Maman 'Yan Biyu