Ana So Tanko Ya Faɗi Zaɓe

Gazawa, daren Laraba, ana gab da zaɓe

Yau na je Agiye, an ɗaure keken guraguna bisa taksi, don in ga Malam Sanda. Shi ƙungiyar da ke tallafa wa naƙasassu masu rubutun fim ta ba ni ya riƙa duba aikina.

Ya karanta labarin da na rubuta a buro, wato ofishinsa, har ya yi dariya inda ya kamata. Sai ya cire tabarau ya ce, "Iliya, hannunka na da kyau. Amma gurgun nan naka, Tanko, da ya tsaya takarar konseye, kansilan gari, ya ci, wa zai yarda? Ka sa ya faɗi, mutane su yi kuka. Masu tallafi hawaye suke so."

Na ce, "Malam, soja ma sun yarda su bar kujera, Tanko ne ba za a bari ya hau ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in na gyara, da kansa zai kai wa masu tallafin a Maradi. Na san ba mugunta ba ce, so yake a ɗauke ni.

Matata Hadiza ta ce in gyara, in na samu shiga sai in yi na biyu yadda nake so. Wataƙila da gaskiyarta.

Ɗazu na ɗauki biro. Na kawo Tanko har bakin rumfar zaɓe, sai hannuna ya tsaya. Duk duniya ni kaɗai ne mai jefa masa ƙuri'a, ni ɗin ma an ce in janye.