Tsumman Daddawar Iya

Zariya

Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya, ke da Malam Jibril da yara da duk mutanen Baure. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na samu saƙonki cewa matan da suka zo sadakar arba'in sun ƙone tsumman buhun da Iya take rufe dafaffiyar kalwa da shi, wai ƙazanta ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, duk da na san ba da mugunta suka yi ba. Kin ce tun daga nan daddawarki ba ta ƙamshin tata, har masu saye daga Kongolam sun fara janyewa.

Kin tuna yadda take korar mu idan muka matsa kusa da kwandon? Ko ruwa ba ta yarda ya taɓa tsumman nan. Shekarar da na fara bincike na roƙe ta ta yanko mini gefensa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk bokon nawa a tsumma ya ƙare, amma ta yanko mini.

To, ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsa su nake kiwo har yau. Su ke fitar da sinadarin da muke kira enzayim, mai yayyanka furotin ɗin kalwa har ta yi laushi ta yi ɗanɗano. Bana na ga siffar enzayim ɗin a kwamfuta: dunƙule ne kamar curin fura, da tsagi a gefe inda furotin ke kwanciya a datse shi. Ina kallonsa kewar Iya ta kama ni.

Ga sabon buhu nan na ba direba, na jiƙa shi da ƙwayoyin na shanya. Ki rufe kalwa da shi tun da ɗuminta. Ban yi miki alkawari ba, don sun daɗe a firji, amma ki gwada.

Ƙaninki,
Nu'uman

Zariya

Yaya Rahama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafarki ya yi sauƙi.

Daddawar da kika yi da sabon buhun ta iso, maiɗakina ta kaɗa miyar kuka da ita ban sani ba. Ina shigowa zaure ƙamshin ya buge ni, na tsaya cak. Wallahi Yaya, sai da na ce "Iya, na dawo" kafin na tuna.

Ki adana buhun, kar kowa ya wanke shi. Kuma tun yanzu ki yanka gefensa ki ba 'yarki Haulatu.

Allah Ya jiƙan Iya. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Nu'uman