Hatimin da Na Raba Biyu

Ni Gu Wenlin, mai tantance tsofaffin takardun kuɗi a layin masu sayar da kayan da a Tianjin, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi ni, amma ido har yanzu yana hango jabu tun daga bakin ƙofa. Likita ya ce ba zan ga sabuwar shekara ba, ban kuma yi masa gardama ba. Ɗana Baoshan, 'yata Yufen, ku karanta wannan tare.

Na ɗaya. Gida da shago na Baoshan ne. Shi ne babba, shi ya iya tarbar baƙo har mutum ya manta abin da ya kawo shi. Madubin duba takarda, da fitilar haskawa, da akwatin jabun da nake koyarwa da su, na Yufen ne. Kowace jabu na yanke mata kusurwa. Kada ko ɗaya ta fita kasuwa, ko da an ce don ado ake so.

Na biyu. Takardar kuɗin zamanin daular Ming, wadda aka yi da ɓawon itace, ba ta sayarwa ba ce. Marigayiya mahaifiyarku ce ta tsinto ta a cikin takardun da wata tsohuwa ke zana fasalin takalma a kansu, ta kuma yi shekaru tana yi mini gori a kai. Takardar ta zauna a gidan da za a ci abincin sabuwar shekara.

Na uku. Rigimarku ta ishe ni. Na san mafarinta, ina zaune aka yi. Wani mai tara takardu ya zo daga Shanghai da takardar rancen layin dogo ta zamanin sarakuna. Baoshan ya ce ta gaske ce, har ya ɗauko hatimina. Yufen ta shinshina ta, ta ce a gaban baƙo, "Yaya, a shayi aka jiƙa wannan, ko motarka ta girme ta." Shi kuma ya ce, "To gwana, ga shagon nan ki cinye." Tun ranar ba ku sake cin abinci a teburi ɗaya ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da ciwon nan.

Yufen, ke ce da gaskiya. Jar tawadar mutanen da, da mai ake haɗa ta, takan ratsa har bayan takarda. Waccan kuwa bayanta fes. Amma kin tsinka yayanki a gaban bare, alhali akwai ɗakin baya. Baoshan, kai kuma farashi kake gani kafin ka ga takarda. Ka fi kowa sanin haka.

Na huɗu, hatimina. Kowannenku ya zo mini a ɓoye yana so, domin kun san takardar da aka buga wa sunana ba a tambaya a kanta. Kun kuma san yadda tsofaffin gidajen musayar kuɗi suke yi: a buga hatimi a tsakiyar takarda, a yanka ta biyu, ba a biyan kowa sai rabi ya haɗu da rabi. To, na kai dutsen hatimina wurin masassaƙi ya raba shi. Na dama na Baoshan, na hagu na Yufen. Na kuma sanar da masu gwanjo cewa shaidar da ba ta ɗauke da duka biyun ba daga gidana ta fito ba.

Idan kun ga ba za ku iya zama a benci ɗaya ba, ku saka duka ɓangarorin biyu a akwatin gawata. Gara shagon ya koma na sayar da taliya da sunana ya hau kan jabu. Ba zan canza wannan ba, kada ku turo mini kawunku ya roƙe ni.

Albarkata da ta kakanninku ta bi ku, ta bi 'ya'yanku. Ku riƙe gidan nan. Ranar sharar kaburbura, idan za ku ƙona mana kuɗin takarda na matattu bisa al'ada, ni da mahaifiyarku, ɗaya ya riƙe takarda, ɗaya ya kunna ashana. Wadda mutum ɗaya ya zo ya ƙona shi kaɗai, jabu ce a wurina, ba zan karɓa ba.