Tsakuwar Jadi

Keita, daren Laraba, ranin 1986

Wuyana na ciwo, amma rabona da dariya irin ta yau tun da anka bizne Jadi ɗan kama.

Da hantsi shef na shantiye, wato shugaban aikinmu, ya ce manyan baƙi na tafe ɗaukar hoto. Wai mu rushe shingen duwatsun da munka kwana uku muna jerawa bisa tudu, mu sake ɗauko su gaban baƙin, don a gan mu cikin aiki. Sai na tuna yadda Jadi ke kwaikwayon manya a kasuwar Tamaske in sun zo taya talaka aiki. Na naɗa gammo, na aza tsakuwa guda bisa kai, na taho ina nishi, ina tangaɗi. Na durƙusa gaban shef na ce, "Ranka shi daɗe, a kama mini in sauke."

Mata sunka fashe da dariya, har direban motar aiki ya riƙe ciki. Shef ya kau da kai ya ce, "Ya isa, Hadiza. Ku bar shingen yadda yake."

Shingenmu na nan tsaye. Allah shi jiƙan Jadi. Da yana nan, da ya ce nishin nawa bai kai ba.