Hantata Ce a Cikin Baba

Zuwa ga Gwaggo Fanna, a Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mutanen gida. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwa. Mu nan ƙauyenmu na Bici mun gode Allah, an yanke gero, gyaɗa ce dai ba ta yi auki ba bana. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, ni kuwa yau sai na kai.

Ƙaninki, Baba, yana kwance a asibiti a Kano. Idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Tun bara da aka yanki ɓangaren hantata a Indiya aka dasa masa, likitoci suka ce zai sha ƙwayoyinsa iya tsawon ransa. Yana sha, ya murmure, har ya koma ɗora wa dattawa karatu a zaure bayan la'asar. Sai kika ji ya yi mura, kika yanke hukunci daga inda kike cewa ƙwayoyin ne ke cinye masa ƙarfi. Kika aiko da garin magani a gwangwanin madara ta hannun mai motar kifi, kika ce ya ajiye na asibiti ya sha wannan don ƙarfafa garkuwar jiki. Baba kuwa, da furfurarsa da karatunsa, har yau bai iya ce wa yayarsa a'a ba. Sai da Inna ta ɗaga buzunsa za ta yi shara ta ga ƙwayoyin a ƙulle cikin leda.

Ga abin da likita ya gaya mini, ki sa a karanta miki a tsanake. Ya ce jikin Baba bai san ni 'yarsa ce ba, shi dai baƙuwa yake gani a wannan hanta. Da zarar sojojin jini sun taɓa ta, wurin sai ya fara sakin wasu ƙananan sinadarai da ake kira kemokain. Aikinsu kira ne, kamar yadda ake kwarma ihu in shanu sun faɗa gona, kowa ya fito da sanda ya nufi inda ihun yake. Waɗanda suka iso su ma su saki nasu kemokain ɗin, wasu su ƙara zuwa, hanta ta kumbura, hanyoyin ruwan matsarmama su lalace, ido ya yi rawaya. Ƙwayoyin da kika raina, aikinsu su kwantar da sojojin nan don kiran ya lafa. Wato garkuwar da kike neman ƙarfafawa ita ce ke cin Baba. Garin naki kuma likita ya ce ba wanda ya san abin da ke ciki, hantar ce kuma ta sha wahalar tace shi.

Na kuma ji abin da kike gaya wa dangi, wai dama hantar mace ba ta zama a cikin namiji. Wannan ta ƙona mini rai fiye da komai, Gwaggo. Ta zauna lafiya ƙalau har ranar da gwangwaninki ya shigo gidanmu. Ni ce aka tsaga tun daga ƙirji har cibiya. Ni ce na yi watanni ban iya ɗaukar 'yata ba, har yau in na sunkuya bakin murhu ɗinkin yana ja na. Ban yi don a gode mini ba, ubana ne. Amma ba zan zuba ido a mayar da ita abin gwajin magani ba, sannan a ɗora mata laifi.

Yanzu suna yi masa allurai masu ƙarfi, sun ce akwai sauran fata in ya koma kan ƙwayoyinsa bai ƙara fashi ba. Matsalar ita ce a gaban ma'aikata yana haɗiyewa, amma jiya ya ce wa Inna in an sallame shi sai ya ji ta bakin Yaya Fanna tukuna kafin ya ci gaba da sha. Ni na yi magana, likita ya yi, limaminmu ya yi, duk a banza. Don haka ba haƙuri nake so ki ba ni ba, ba na buƙata. Ki ɗauki wayar da kika hana shi shan ƙwayoyin da ita, ki kira shi, ki ce masa da bakinki ya sha su.

Inna tana gaishe ki, duk da ban ga alamar ta kai zuci ba. Ki gaida Hussaina da yaranta, da Khadijat. Ki gaida mini ɗanki tilo, Yaya Uzairu, gaisuwa ta musamman. Na tambayi likita in wannan hanta ta mutu ko zan ƙara bayarwa, ya ce ba a yankar mutum sau biyu, sai a nemi wani a dangi mai irin jinin Baba. Na ce masa akwai, na kuma ba shi sunan Uzairu.

'Yar ƙaninki,
Asiya Kallamu