Layin Fensir a Jikin Akwatin Gem

Assalamu alaikum ƙanena Nazifi. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya sa kana cikin ni'ima, na zo maka da labarin akwatinmu. Ba labari mai daɗi ba ne, amma ban san wanda zan gaya wa ba in ba kai ba.

Ka tuna gidan gem ɗin nan na Gyaɗi-Gyaɗi, shekarar da farar hula suka karɓi mulki? Manya suna ta musun siyasa a bakin titi, mu kuwa muna ciki a tsaye, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kai ne ƙarami amma kullum sai ka ci ni, ka fito kana mini gwalo har gida. Wallahi haushinka nake ji a lokacin.

Sai ga ranar da mota ta kwashe acaɓan da ka hau. Likitoci suka ce laka ta taɓu. Muka dawo da kai Tarauni a keken guragu, ka daina zancen kowa da komai.

Don in ji muryarka na fara haɗa mana akwatin gem irin na gidan nan. Ni da ban taɓa riƙe zarto ba, ma'aikacin ofis, na kwaso katako na jibge a soro. Tsohuwar talabijin ɗin Baba mai ƙatuwar ƙeya ta zama fuskar akwatin, wata kwamfuta da aka yar ta zama cikinsa. Kai kake haɗa wayoyin maɓallai a kan cinyarka, kana tsokanata cewa ƙusa ɗaya ban iya bugawa a miƙe ba. Ranar da na daki babban yatsana da guduma ka yi dariya har da hawaye. Umma ta leƙo daga tsakar gida, ta koma da sauri don kada mu ga fuskarta.

A kan tsayi muka saɓa. Na auna kekenka, na ja layi da fensir a gindin katakon inda zan yanke, yadda hannunka zai kai kana zaune. Ka dube ni ka ce, "Yaya, a tsaye ake buga gem. In ka yanke, ka ce kawai ba zan ƙara tashi ba." Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ai katako ne, in ka miƙe sai a yi masa ƙari. Ka juya kekenka ka bar mini soron. Taurin kanka, Nazifi! Haka na ajiye zarton.

Muka gama shi da tsayin mutum. Ya yi kyau, kai ka zaɓi shuɗin fenti. Amma maɓallan sun fi ƙarfin hannunka. Duk sanda aka kawo wuta sai ka sa ni in buga, kai kana ƙasa ka ɗaga kai, kana ihun in yi hagu, in yi tsalle. Na sha cewa bari in ɗaga ka, kana cewa ka fi so ka fara buga shi a tsaye da ƙafarka. Kana zuwa gashin ƙashi asibitin koyarwa ba fashi, muna jira. Ƙafar ba ta zo ba, ciwon ƙoda ne ya zo.

Ko sau ɗaya ba ka taɓa buga shi ba. Wannan ne yake cin raina.

Bayan rasuwarka an rabar da kayanka sadaka, akwatin ne kawai na hana a taɓa. Kwanan baya Sani ya zo gaishe da Umma, abokin nan naka na wurin gashin ƙashi, shi ma a kekensa. Ya tsaya a soro yana kallon akwatin, ya miƙa hannu bai kai ba, ya yi murmushi ya janye. Da ya tafi Umma ta ce in gyara masa, ladan ya isa kabarinka. Na ce ka hana a yanke. Ta ce, "Shi da ya hana, me ya amfana?"

Layin fensir ɗin yana nan, fenti bai rufe shi duka ba. Jiya da hantsi na kwantar da akwatin na bi layin da zarto. Nazifi, kafin shayin Umma ya huce na gama. Abin da muka yi ta ja a kai ke nan, abin da ya hana ka wasa har ka koma ga Allah.

Da yamma Sani ya dawo, ya matso da kekensa, gwiwoyinsa suka shige daidai, kamar shi na auna. Ya buga, yana dariya, yana ihu irin naka. Umma tana sa albarka. Ni na fita waje, don ba zan iya kallo ba. Da ma ban saurare ka ba, ka yi fushi da ni na mako guda, ka buga abinka. Ko kuwa da na yanke ɗin, da tun ranar na karya maka zuciya? Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Guntun katakon da na cire yana ɗakina, na jingine shi inda kake ajiye kekenka.

Ka yafe mini, na yanke. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya tashe ka ranar tsayuwa a kan ƙafafunka biyu.

Yayanka da ke kewarka,
Kabiru